Filafilin Kaka Na'inna

Limawa, Jimeta,
Jihar Arewa maso Gabas.
Lahadi, 8 ga Agusta, 1971.

Zuwa ga ƙanena Ɗan'auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kare ka daga sanyin Ingila da kake ta ba mu labari, Ya buɗe maka karatu, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan gida kowa ƙalau, sai godiya. Mahaifiyarmu Dada ta yi fama da ciwon gwiwa a farkon damina, amma yanzu har kasuwa take zuwa da kanta, tana faɗa da masu daddawa kamar yadda ka san ta. Yayarmu Adda Huseina ta sauka lafiya a Demsawo, an sami mace, an sa mata sunan Dada, saboda haka ba wanda yake iya kiran sunan jaririyar a gidan nan, kowa da laƙabin da ya ga dama. Matata Hansai da yara suna nan lafiya. Ruwa ya sauka sosai bana. Kogin Binuwai ya cika har ya kai gindin tsamiyar da muke ɗaure jirgi, yashin tsakiya duk ya nutse, kuma fito ya yi yawa, tun asuba muke kai da kawowa.

Wasiƙarka mai shafi shida ta iso tare da hoton, yau sati uku ke nan, kuma tun ranar gidanmu bai huta ba. Baba ya ɗauki hoton ya fita bakin ƙofa inda haske yake, ya kai shi dab da hancinsa, sannan ya ce in gaya masa abin da ke ciki. Na ce masa ga wani jirgi siriri, dogo kamar gora, ga Turawa takwas ƙarti kowa da dogon filafili, duk sun juya wa inda za su baya, ga kuma wani ɗan tsurut a gindin jirgi cikin hula, shi kaɗai yake kallon gaba. Ya tambaya ko wane ne ɗan tsurut ɗin, na ce kai ne. Ya sake tambaya ko akwai wani zaune a bayanka, na ce babu kowa sai ruwa. Ka san abin da wannan yake nufi a koginmu: mai zama a gindin jirgi shi ne mai jirgi, shi ke faɗa a ji. Sai Baba ya ce ashe 'yancin kan nan da muka samu ya kai har can, tunda ga Turawa takwas suna gumi ɗansa yana ba su umarni. Washegari aka kai hoton wurin mai hoto aka sa masa gilashi, aka rataye shi a zaure. Mutane sun zo daga Dubeli, sun zo daga cikin Yola, har wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta zo ta shafa gilashin ta yi maka addu'a. Absalom, mutumin Numan ɗin nan da muke tuƙi tare, ya ce daga yau shi ma baya zai riƙa juya wa gaɓa, ko Allah Ya sa wani ya ɗauke shi hoto.

To, bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba, don ba zan iya cika takarda da addu'a alhali ina ɓoye maka abin da ke raina ba. Kishinka nake yi, Ɗan'auta. Kishi na gaske, irin wanda yake hana mutum jin daɗin tuwo. Ni ne fa na koya maka ruwa. Ka tuna ranar da na fara sa ka a jirgi, ka ƙanƙame ƙafata kana ihu a mai da kai wurin Dada, ka amayar da kunun da ka sha a kan buhun mutane? Ni na wanke buhun. Ni na riƙe cikinka a bakin gaɓa har ka iya iyo. Ni aka cire daga makaranta ina aji shida saboda Baba yana bukatar hannu, kai kuma aka bar ka saboda an ce jikinka ba na aiki ba ne. Ban taɓa jin haushin wannan ba, wallahi. Da ka ci jarrabawa na yi murna, da gwamnatin jiha ta tura ka waje ni na ɗauki akwatinka a kai har tasha. Na ce a raina littafi naka ne, ruwa nawa ne, kowa da rabonsa. Sai ga shi ka tafi ƙasar mutane ka ɗauke mini ruwan ma.

Na karanta labarin horon da kuka sha a wannan kulob na jami'arku, kuma ka yafe mini, na yi dariya a wurare da yawa. Ka ce zangon karatu guda cur kuna tashi da asuba, mutanenka takwas suna gudu a bakin kogi, suna ɗaga ƙarfe, ana ɗura musu nama da ƙwai, wani malami yana bin ku a kan keke yana yi muku tsawa ta cikin mazurari. Ka ce hannuwansu sun yi kanta har sun fashe. Duk wannan wahala don tseren da bai kai shan kofin shayi ba, a jirgin da ba ya ɗaukar ko kaza! Mu nan, jiya kawai, mun ƙetare sau tara da mata da awaki da buhunan masara, da wani mai keke da ya ƙi sakin kekensa, a kan ruwan da in ya ɗauke ka sai dai a neme ka a Numan. Ba wanda ya ba mu ƙwai. Na yi dariya, na ce, amma da na gama dariyar na koma na sake karanta shafin, sau uku, ina ƙoƙarin in ga kaina a cikin jirgin nan. Har na tambayi Absalom ko yana jin ƙartin nan za su iya da ni, ya ce in daina damun kaina.

Kai kana yaro lokacin, wataƙila ba ka riƙe abin da ya faru ba, don haka bari in tuna maka. A makon bikin 'yancin kai, shekara goma sha ɗaya ke nan, mutanen ƙetare suka yi ta tururuwa zuwa Jimeta kallon biki. Ina da shekara goma sha takwas. Ranar nan ce Baba ya tashi daga gindin jirgi, ya miƙo mini filafilin Kaka Na'inna, wannan baƙin mai nauyi da kakanmu ya sassaƙa da hannunsa, ya ce in kai mu gaɓa. Na kawo mu lafiya har bakin mashiga. Gaɓa ta cika da jama'a, ana kiɗa, ni kuwa na ɗaga kai in ga wa yake kallona. Kafin in dawo da idona, goshin jirginmu ya daki jirgin Alhaji Kashim mai busasshen kifi, kwando biyu suka faɗa ruwa. Ba wanda ya ji ciwo. Amma ka san dokar kogin nan: mai tuƙin da ya bari jirginsa ya taɓa na wani ya zubar da mutuncin gidansu. Baba ya tako kan kayan mutane, ya karɓe filafilin daga hannuna a gaban kowa, ya nuna mini goshin jirgi da baki. Tun ranar a can nake zaune. Na yi aure, na haifi 'ya'ya uku, gemuna ya fito, kuma har yau hannuna bai sake taɓa filafilin nan a kan ruwa ba.

Yanzu ka gane abin da na ji da na iso shafi na huɗu na wasiƙarka. Ka ce koginku ƙanƙane ne, jirage ba sa iya jerawa kafaɗa da kafaɗa, don haka ana jera su ɗaya bayan ɗaya, a buga bindiga, kowane jirgi ya bi na gabansa da niyyar ya taɓa shi, wanda ya taɓa shi ne ya ci. Ka ce kwana huɗu aka yi, kuma kowace rana sai da ka kai goshin jirginku jikin na wani. Jirgi huɗu, Ɗan'auta! Ni ɗaya na taɓa, bisa kuskure, aka hukunta ni shekara goma sha ɗaya. Kai ka taɓa huɗu da gangan aka yi maka tafi. A wannan shafin ne kuma ka ce ba don ka fi kowa sanin ruwa aka zaɓe ka ba, sai don da aka ɗora ku a sikeli kai ne mafi rashin nauyi, har ana hana ka cin dankali, kuma da kuka ci tseren ƙartin nan suka ɗauke ka cak suka jefa ka cikin kogi wai murna suke yi. Ka san ni nake karanta wa Baba wasiƙunka tunda shi ajami ya sani. To, na tsallake shafin nan gaba ɗaya, na ce masa kawai kun yi tsere kwana huɗu kun ci. Kada ka ɗauka don in rufa maka asiri na yi. Ajiye shi na yi don ranar da zan bukace shi.

Abin da na karanta masa shi ne shafi na biyar, kuma da na san abin da zai jawo da shi na tsallake. Nan ne ka ce an ba kowane ɗaya cikin takwas ɗin filafilinsa, an yi masa fenti an rubuta sunayenku a kai don ya rataye a bangon ɗakinsa, kai kuwa da yake ba ka riƙe filafili, da igiya kake juya jirgi, ɗan katakon juyawar aka ba ka, wanda ka ce bai fi faifai ba. Baba bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Ya yi ta maimaitawa, wai ta yaya za a ce ma'aikata suna da filafili a bango shugabansu ba shi da shi. Bayan kwana biyu ya sanar a gida cewa Malam Laminu na asibiti zai tafi kwas Ingila a ƙarshen watan Agustan nan, kuma zai ba shi filafilin Kaka Na'inna ya kai maka, don Turawa su san daga gidan da ka fito. Ina zaune ina cin abinci ya faɗi wannan. Na wanke hannu na tashi.

Shekaranjiya Juma'a na yi abin da nake kunyar rubutawa. Bayan an sauko daga masallaci dattawa sun taru a zaure kamar kullum, har da Alhaji Kashim, ana ta kallon hotonka. Sai na ce ai akwai wani shafi da na manta ban karanta ba. Na ɗauko shi, na miƙe tsaye, na karanta da ƙarfi, ban bar ko kalma ba: sikeli, dankali, jirage huɗu, da jefa ka a ruwa. Da na gama, Alhaji Kashim ne ya fara ƙyalƙyalewa da dariya, ya ce ashe abin a jininmu yake, gara da ya daina ajiye jirgi. Na ɗauka Baba zai sa a sauke hoton. Maimakon haka sai ya tambaye ni, a hankali, ko wani jirgi ya fashe. Na duba takarda na ce a'a. Ya tambaya ko wani ya faɗa ruwa sanadin karon. Na ce a'a, ka rubuta cewa taɓawa ce kawai ake so, kamar a dafa kafaɗar mutum, kuma sai ka lissafa ƙarfin ruwa da lanƙwasar kogi kafin ka kai goshin daidai inda ka nufa. Baba ya gyaɗa kai, ya ce wa dattawan wanda ya iya taɓa jirgi a inda ya nufa, ya iya kauce masa in ya so, kuma wannan tuƙi ne. Sannan ya juyo wajena ya ce ni abin da ban nufa ba na daka, saboda idona yana kan masu kallo, kuma ga alama har yau a can yake. Ban san yadda na fita daga zauren ba.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani, kuma ina roƙonka ya tsaya tsakaninmu. Idon Baba ya tafi fiye da yadda Dada ma take zato. Shekara biyu ke nan ba ya ganin gaɓa sai mun kusa taɓa ta. Ni nake gani masa daga goshin jirgi. In ana bukatar hagu sai in ƙwanƙwasa gefen jirgi da filafilina sau ɗaya, in dama ce sau biyu, shi kuma ya juya. Fasinjoji suna ɗauka wata ɗabi'a ce tawa. Absalom kaɗai ya gane. Ni da Baba ba mu taɓa yin maganar ba, ko sau ɗaya, ban ma san ranar da muka fara ba. To jiya Asabar, a fito na uku, jirgi cike da mata da kaya, muka doshi mashigar ƙetare inda ruwa yake ja zuwa wata itaciya da ta faɗi, sai zuciya ta ɗebe ni na ƙi ƙwanƙwasawa. Na ce bari mai gindin jirgi ya nuna mana tuƙi. Da na ji shiru na waiga, sai na ga Baba ya ɗaga filafilin Kaka daga ruwa, ya karkata kai gefe guda, yana saurare. Jirana yake yi. Absalom ya kira sunana ƙasa-ƙasa, na ƙwanƙwasa sau biyu, Baba ya juya mu da bugu ɗaya, muka wuce itaciyar da ƙyar. Mun sauka can ƙasa da mashiga, mata suka taka laka har gwiwa suna gunaguni wai hannun tsoho ya fara sanyi. Ya ji su sarai. Ya ba su haƙuri, ya ce laifinsa ne, bai ko dubi inda nake ba.

Yau da safe Malam Laminu ya zo ganin saƙon da zai ɗauka. Da ya tsayar da filafilin ya ga ya fi shi tsawo, ya ce ba za a yarda ya shiga jirgin sama da shi ba, sai abin da zai shiga akwati. Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan Allah Ya raba. Sai Baba ya ce ai tunda a bango za a rataye, faffaɗan bakin ya isa, a yanke ƙotar. Ya aika aka aro zarto wurin kafinta, ya sa aka kira ni. Shekara goma sha ɗaya ina jiran ranar da zai sake miƙo mini filafilin nan, Ɗan'auta. Yau ya miƙo mini shi da hannun dama, zarto a hannun hagu. Ban sani ba ko hukuncin jiya ne, ko gwada ni yake yi, ko kuwa da gaske sonka ne ya rufe masa ido, don fuskarsa ba ta nuna komai ba. Abin da ya zo bakina kawai shi ne, tunda an riga an ba ka, bai kamata a yanka ba sai an ji daga mai shi. Sai ya ce in rubuta maka, amma in ranar tafiyar Malam Laminu ta zo ba amsa, in yanke.

Wannan shi ne dalilin wasiƙata. Malam Laminu zai bar Jimeta ranar talatin ga wata. In ka tsaya rubuta takarda ba lallai ta iso ba, don haka ranar da wannan ta same ka, ka je gidan waya ka bugo wa Baba tangaraho. Ban ce ka ce a ba Haladu ba. Kada ma ka ambaci sunana, don in saboda maganarka ya ba ni, ba zan iya riƙe shi a gaban mutane ba. Ka ce kawai ka gode, amma a bar shi ɗungurungum, a bar shi a ruwa. In kuwa kana son sa a bangonka, haƙƙinka ne, Baba ya ba ka, ka faɗa, ni da hannuna zan yanke in naɗe maka shi a tabarma. Na san abin da na yi maka a zaure, na tona ka a gaban dattawa don in ga an sauke hotonka, kuma ga ni bayan kwana biyu ina roƙonka. Ban ce kishin ya tafi ba, ƙarya zan yi. Ɗazu na wuce ta zaure na ga 'yar hularka a hoton sai da raina ya sake ɓaci. Amma ka yafe mini abin da na yi, don na yi nadama.

Filafilin yana nan a ɗakina jingine da bango. Ɗazu bayan azahar, da gida ya yi shiru, na zauna a bakin gado na riƙe shi yadda ake riƙewa a gindin jirgi. A jikin ƙotar, wadda aka ce a yanke, akwai wurare biyu da suka lotsa suka yi santsi, inda hannun Kaka ya ci shekara da shekaru, na Baba ya ɗora a kai. Da ina ɗan goma sha takwas yatsuna ba su cika gurbin ba. Yau sun zauna daidai.

Dada tana gaishe ka, ta ce a gaya wa mutanen nan su bar ɗanta ya ci abinci, kuma kada ka sake yarda a jefa ka a ruwan sanyi ko da murna ce. Adda Huseina da mijinta suna gaishe ka, haka Goggo Bintu ta Dubeli, wadda ta ce har yanzu tana jiran gyalen da ka yi mata alkawari. Hansai da yara suna gaisuwa. Absalom ya ce ka tambaya masa ko wuyan mutanenka ba ya ciwo da waige. Baba ya ce a sa maka albarka, kuma na sa a takarda kamar yadda ya faɗa, ban tsallake komai ba wannan karon. Allah Ya tsare ka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Zarton yana kan taga, na gaya wa kafinta sai ƙarshen wata zai ga kayansa.

Ni ne yayanka, hammanka, wanda ya koya maka ruwa,
Haladu.